Baƙo a Ƙasar Makiyaya: Daga Gobir zuwa Abzin, da Darasin Mutanen Sami

Wannan shiri ne ga jama'a masu sauraro, musamman mutanen Sabon Birni da Isa da sauran garuruwan Gobir na bakin gulbin Rima, da kuma 'yan'uwa na tsallaken iyaka a Tsibiri da Gidan Rumji da Madawa. Shirin faɗakarwa na yau zai yi magana ne a kan yawon buɗe ido, wato tafiyar da mutum kan yi zuwa wata ƙasa ba don fatauci ko ci-rani ba, sai don ya ga wuri da mutanensa ya ƙaru da sani. Shirin zai tsaya a kan irin tafiyar da ake yi zuwa ƙasashen makiyaya na can ƙuryar arewa, inda gonaki ke ƙarewa, garuruwa su yi nisa da juna, rayuwa kuma ta koma bin sawun dabba daga wannan makiyaya zuwa waccan.

Ƙasashe biyu za a duba. Ta farko ita ce Abzin, a arewacin Jamhuriyar Nijar, wadda ita ce ƙuryar arewa ga Bagobiri, ta biyu kuma ita ce ƙasar mutanen Sami, a arewacin nahiyar Turai, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni da dama. An raba bayanin kashi biyar: dangantakar Gobir da Abzin, abin da baƙo zai tarar a can, yadda yawon buɗe ido ya tashi ya kuma faɗi a Agadas, abin da ya sami mutanen Sami, sannan ladubban baƙo da rabon Gobir a cikin maganar. Magana ɗaya ce za ta riƙa dawowa a kowane kashi, kuma ita ake so mai sauraro ya riƙe: ƙasar makiyaya tana da masu ita, ko da baƙo bai ga shinge ko ganuwa ba.

Ga kashi na farko, dangantakar Gobir da Abzin.

Tarihin baka na Gobirawa, wanda masana tarihi da dama suka rubuta suka kuma yi nazarinsa, yana nuna cewa kakanninsu sun zauna a duwatsun Abzin kafin su gangaro kudu sannu a hankali, yayin da ƙungiyoyin Abzinawa masu raƙuma suka yi ƙarfi a can. Sun kafa birni a Birnin Lalle, a yankin Dakoro na Nijar ta yau, daga baya kuma, a ƙarni na 18, Sarki Babari ya ci ƙasar Zamfara da yaƙi ya kafa Alƙalawa a bakin gulbin Rima, birnin da Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta a cikinsa. Alƙalawa ta faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808, lokacin Sarki Yunfa, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 kuma Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maradi, sannan a rabi na biyu na ƙarni na 19 wani ɗan gidan sarautar, Ɗan Halima, ya kafa Sabon Birni. Wannan jerin garuruwa yana nuna cewa Bagobirin da ya nufi Abzin yana bin hanyar da kakanninsa suka biyo ne, sai dai shi ya fuskanci arewa.

Bayan tarihin ƙaura, akwai na ciniki, wanda bai yanke ba har yau. Abzinawan Kel Geres, waɗanda suka baro duwatsu suka zauna a Adar da Gobir Tudu, sun daɗe suna kiwon raƙuma a gonakin Gobirawa bayan an cire amfani, manomi ya sami taki, makiyayi ya sami kara da harawa. Ayarin gishiri kuma, wato jerin raƙuma masu ɗaruruwa a ƙarƙashin madugu, yana kai geron ƙasar Hausa zuwa Fashi da Bilma, ya dawo da kantun gishiri da dabino. Duk wanda ya taɓa sayen gishirin balma don dabbobinsa a kasuwa, ko ya ci cuku, ko ya sha shayin Buzaye mai zagaye uku, ya riga ya taɓa wani abu na Abzin tun bai taka ƙasar ba.

Yanzu sai kashi na biyu, abin da baƙo zai tarar a Abzin.

Babbar hanyar mota daga jihar Sakkwato tana bi ta Illela da Birnin Ƙonni, ta wuce Tawa da Abalak, sannan ta isa Agadas, birnin da ya kasance mazaunin Sarkin Abzin tun ƙarni na 15. Abin da ya fi fice a birnin shi ne hasumiyar babban masallaci, wadda aka gina da laka zalla da itatuwan da suka fito ta jikinta, tsawonta mita 27, an fara gina ta wajen 1515 aka sake gina ta a 1844. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka a Agadas a 1850 kafin ya iso ƙasar Hausa, gidan da ya zauna kuma yana nan ana nuna wa baƙi. A 2013 hukumar UNESCO, wato sashen Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya. Bahaushe ba ya buƙatar tafinta a kasuwar Agadas, domin Hausa ce harshen ciniki da na tituna, ko da yake Tamashek ne harshen Abzinawa a gidajensu da rugagensu.

Arewa da birnin ne duwatsun suka miƙe, mafi tsayinsu a tsaunin Bagazam ya haura mita dubu biyu, kuma a cikin kwazazzabansu akwai garuruwa masu lambuna irin su Timiya da Iferuwan, inda ake noman albasa da lemo da alkama da ruwan rijiya. Gabas da duwatsun sai hamadar Tenere, wadda ita da duwatsun aka keɓe wani yanki nasu mai faɗin hekta miliyan 7.7 a matsayin gandun da ake karewa, UNESCO ta amince da shi a 1991. A Dabus, kusa da hanyar Arlit, akwai zanen raƙumin dawa da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, tsawonsa ya haura mita biyar, wanda ke nuna cewa wannan busasshiyar ƙasa ta taɓa zama mai ciyawa da namun daji. Baƙon da ya saba da zafin Isa a watan Afrilu yana bukatar sanin cewa daren hunturu a kan waɗannan duwatsu yakan yi sanyin da ruwa ke kusan daskarewa.

Lokacin ziyara yana bin kalandar makiyaya ne. A ƙarshen damina, wajen watan Satumba, Abzinawa da Fulani Bororo suna kora dabbobinsu zuwa filayen Ingal, yamma da Agadas, inda ƙasa da ruwa ke da gishiri da kanwa, domin dabba ta lasa ta sha ta warware daga wahalar rani. Wannan taro shi ne Faransawa suka sa wa suna Kur Sale, ma'ana jinyar gishiri, gwamnati kuma ta mayar da shi biki na shekara-shekara mai tseren raƙuma da jawaban manya. A wannan lokacin ne samarin Bororo ke yin rawar Gerewol, su yi kwalliya su jera 'yan mata su zaɓa. Abin lura shi ne cewa asalin taron aikin kiwo ne: a nan ake duba lafiyar garke, a yi rigakafi, a ɗaura aure, a sasanta rikicin rijiya, dangin da suka yi shekara ba su haɗu ba su gaisa. Kallon da baƙo ke yi ƙari ne da ya zo daga baya.

Filin da baƙo ke gani daga tagar mota kamar babu kowa, makiyayi ya san sunan kowane kwarinsa, ya san wace zuriya ce ta haƙa kowace rijiya, ya san wanda ke da haƙƙin fara shayarwa. Dokar Nijar ma ta yarda da wannan. A 1961 an kafa dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, aka bar abin da ke bayanta ga kiwo, a 2010 kuma aka fitar da dokar makiyaya wadda ta amince cewa yawo da dabba haƙƙi ne da hukuma za ta kare. A nan ake maimaita maganar farko: ƙasar makiyaya tana da masu ita, kuma rijiyoyi da burtali su ne takardun shaidarsu.

Kashi na uku zai duba yadda yawon buɗe ido ya tashi ya kuma faɗi a Agadas.

Farin da aka yi a 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, ya hallaka dabbobi masu ɗimbin yawa a Abzin, samari da dama suka rasa garke, wasu suka tafi Libiya da Aljeriya, wasu kuma suka mayar da sanin hamadar da suka gada sana'a, suka zama jagorori da direbobi da masu dafa wa baƙi abinci. A shekarun 1980 tseren motocin Paris zuwa Dakar yana ratsa Agadas, hotunan Tenere suka bazu a Turai, baƙi suka riƙa zuwa a lokacin sanyi. Fitaccen mutum a wannan harka shi ne Mano Dayak, Ba'abzine mai kamfanin kai baƙi hamada, wanda daga baya ya shiga jagorancin tawayen Abzinawa, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1995, aka sa wa filin jirgin Agadas sunansa. Maƙeran azurfa masu ƙera giciyen Agadas, da mata masu dukanci, da masu hayar raƙuma, duk sun sami kasuwa.

Sai dai wannan kasuwa ba ta jure tsoro. Tawayen farko, daga 1990 zuwa yarjejeniyar sulhu ta 1995, ya kori baƙi, suka dawo bayan an sami lafiya har jirage na kawo su kai tsaye daga Faransa. Tawaye na biyu, daga 2007 zuwa 2009, ya zo da nakiyoyi a kan hanyoyi, sannan sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom da aka yi a Arlit a 2010 ya sa ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu da su ƙaurace wa yankin. Direbobin da suka rasa baƙi sun koma jigilar 'yan ci-rani zuwa Libiya, har dokar 2015 ta haramta hakan, wasu kuma suka nufi haƙar zinariyar da aka gano a Jado a 2014. An soke waccan dokar a ƙarshen 2023, bayan juyin mulkin watan Yuli na shekarar, wanda shi ma ya jawo rufe iyakar Najeriya da Nijar na tsawon watanni. Darasin a fili yake: garin da ya jingina abincinsa ga baƙi kaɗai, labari ɗaya mara daɗi a rediyo ya isa ya rufe masa kasuwa, alhali kiwo da lambu da gishiri su ne suka ci gaba da riƙe mutane.

Ko a shekarun da kasuwar ke ci, akwai tambayoyi biyu da suka tsaya. Ta farko ita ce ta kuɗi, domin kaso mai tsoka na abin da baƙo ya biya yakan tsaya ne a hannun kamfanonin jirage da na shirya tafiya, makiyayin da aka ɗauki hotonsa a bakin rijiyarsa kuma shi ne na ƙarshe a rabo. Ta biyu ita ce ta suna, domin tallace-tallacen da ake bugawa a waje sukan nuna Ba'abzine a matsayin mutumin da ba shi da komai sai rawani da takobi da raƙumi, su kuma Bororo a matsayin masu rawa kawai, a manta cewa a cikinsu akwai malamai da likitoci da 'yan majalisa, kuma damuwarsu ta yau da kullum ita ce makaranta da asibiti da ruwan sha. Waɗannan tambayoyi biyu, wa ya sami kuɗin, wa kuma ya ba da labarin, su ne za su raka mai sauraro zuwa Turai.

Ga kashi na huɗu, ƙasar mutanen Sami.

Masana labarin ƙasa sun zana wani layi a taswira da ke zagaye saman duniya a daraja 66 da rabi arewa da tsakiyarta, suna kiransa da'irar Aktik. Sabon Birni tana wajen daraja 13 ne da ɗoriya, shi ya sa bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta a Gobir bai kai awa biyu ba. Bayan wancan layi kuwa, saboda karkatar da duniya ta yi a kan hanyarta ta zagaya rana, akwai lokacin da rana ba ta faɗuwa, akwai kuma lokacin da ba ta fitowa. A birnin Tromso na ƙasar Norwe, rana tana nan a sama dare da yini daga wajen ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli, sannan daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu ba a ganin ƙwayarta sam. A dararen hunturu ne ake ganin abin da ake kira hasken arewa, wani haske kore ko ja mai kaɗawa a sararin sama, wanda ke faruwa idan ƙwayoyin da rana ke fesowa suka haɗu da iskar da ke can saman duniya. Wannan haske shi ne ya fi jan baƙi zuwa yankin.

Musulmin da ya nufi can zai so ya san yadda ake salla da azumi a inda alfijir da magariba suka ɓace. Malamai sun yi bayani iri biyu: ko dai a bi lokutan gari mafi kusa da ke da dare da yini sosai, ko a bi lokutan Makka, kuma na biyun ne jama'ar masallacin Tromso ke bi a waɗannan watanni. Sanyi kuma ba abin wasa ba ne, domin a garin Karasjok an taɓa auna sanyin da ya haura daraja 51 ƙasa da sifili a 1886, kuma a irin wannan yanayi fatar da ba a rufe ba takan lalace cikin 'yan mintoci. Ɗan Najeriya ko Nijar yana bukatar bizar Shengen kafin ya shiga Norwe ko Suwidin ko Finlan, tafiyar kuma tana da tsada ƙwarai.

Mutanen Sami su ne 'yan asalin wannan yanki, suna kiran ƙasarsu Sapmi, iyakokin zamani kuma sun raba ta tsakanin Norwe da Suwidin da Finlan da Rasha, kamar yadda iyaka ta raba Sabon Birni da Tsibiri. An ƙiyasta yawansu tsakanin dubu 80 da dubu 100, mafi yawa a Norwe. An san su da kiwon rendiya, wata dabba dangin barewa mai ƙaho mai rassa, wadda suke cin namanta, su yi tufafi da takalma da fatarta, ko da yake wajen kashi ɗaya cikin goma ne kawai na Sami ke wannan kiwo a yau, sauran masunta ne da manoma da ma'aikata. Masu kiwon suna haɗuwa a ƙungiyar iyalai da ake kira siida, su kai garke gaɓar teku ko kan tsaunuka da bazara, su dawo da shi cikin ƙasa da hunturu, kowane mai dabba kuma yana da irin tasa tsagar a kunnen dabbarsa. Da hunturu rendiya tana tone ƙanƙara ta ci wani tsiro mai kama da gansakuka da ke ƙarƙashinta, amma ɗumamar yanayi ta sa yanzu ruwan sama kan sauka a tsakiyar hunturu ya daskare ya zama ɓawo mai tauri, dabba ta kasa tonawa, yunwa ta kama ta alhali abinci na ƙarƙashin ƙafarta.

Tarihinsu da gwamnatoci yana da ɗaci. Daga tsakiyar ƙarni na 19 har bayan yaƙin duniya na biyu, Norwe ta bi manufar mayar da Sami 'yan Norwe zalla, aka hana yara magana da harshensu a makarantun kwana, aka ƙyamaci waƙarsu ta gargajiya da ake kira yoik. Sun fara haɗa kai a taron da suka yi a Trondheim ranar 6 ga Fabrairu 1917, ranar da ta zama ranar al'ummarsu. Rikicin gina madatsar ruwa a kogin Alta, daga 1979 zuwa 1981, ya fito da kokensu fili, kuma duk da cewa an gina madatsar, abin ya kai ga buɗe majalisar Sami a Karasjok a 1989, Suwidin ta buɗe tata a Kiruna a 1993, Finlan ma tana da tata a Inari. Sarki Harald na biyar na Norwe ya nemi gafararsu a 1997. A watan Oktoba na 2021 Kotun Ƙolin Norwe ta yanke hukunci cewa injinan samar da lantarki daga iska da aka kafa a Fosen sun tauye haƙƙin makiyayan Sami, domin wurin makiyayarsu ce ta hunturu. Kotu ce a nan ta faɗi abin da wannan shiri ke maimaitawa, cewa ƙasar makiyaya tana da masu ita.

Yawon buɗe ido ya kawo wa Sami kuɗi, ya kuma kawo musu irin matsalolin Agadas. An sami masu otal da ba Sami ba suna sanya wa ma'aikatansu kwaikwayon rigar gakti, wadda a wurin masu ita launinta da ɗinkinta ke nuna garin mutum da danginsa. An cika shaguna da kayan masana'anta ana sayarwa da sunan aikin hannun Sami, an kuma riƙa tallata keken da karnuka ke ja a kan ƙanƙara kamar al'adarsu ce, alhali karnukan da baburan ƙanƙara suna firgita garke, musamman a watan Mayu lokacin haihuwa. Amsar da suka bayar ita ce abin koyi. Tun 1982 suka fito da tambarin Sami Duodji, wanda ake liƙa wa aikin hannu na ainihi domin mai saye ya bambance, a 2018 kuma majalisar Sami ta Finlan ta amince da ƙa'idojin yawon buɗe ido, waɗanda suka tanadi cewa Sami ne za su faɗi abin da za a nuna na al'adarsu da yadda za a nuna shi. Suna da gidan tarihinsu na Siida a Inari, suna kuma da kasuwar Jokkmokk a Suwidin, wadda ake ci kowane Fabrairu tun 1605, inda baƙo ke saye hannu da hannu daga mai sana'a.

Sai kashi na biyar kuma na ƙarshe, ladubban baƙo da rabon Gobir.

Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne, don haka ladabi na farko shi ne ya nemi jagora ɗan ƙasa, ya biya shi haƙƙinsa kai tsaye, ya kuma bi shawararsa a kan hanya da lokaci. Na biyu, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutum ko tanti ko maƙabarta, balle ya sa a Facebook, kuma Bagobiri mai tsage a fuska ya fi kowa sanin yadda ake ji idan baƙo ya tsura wa mutum ido kamar abin kallo. Na uku, kada ya tambayi makiyayi yawan dabbobinsa, domin Bafulatani da Basami duka suna ɗaukar wannan tambaya a matsayin leƙen asirin dukiya. Na huɗu, ya nisanci garke da mota ko babur, kada ya yi wanka ko wanki a mashaya, kada ya tsinci kan kibiya ko tsingaron tukwane a kufai, kada kuma ya yi rubutu a jikin duwatsu masu zane. Na biyar, ya sayi azurfa ko jaka ko wuƙa daga hannun wanda ya yi ta. Na shida, ya bincika halin tsaro da na iyaka daga hukuma da kuma direbobin da ke bin hanyar kafin ya ɗaura kaya, idan aka ce babu lafiya kuma ya haƙura.

Gobir kanta ƙasa ce da ta cancanci a ziyarta. Kufan Alƙalawa yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni, fadar Sarkin Gobir tana Tsibiri, fadamun Rima kuma suna tara manoma da masunta da makiyaya kowane rani. Amma babu wanda ya fi mutanen Isa da Sabon Birni sanin cewa hare-haren 'yan bindiga na shekarun nan sun tashi ƙauyuka, sun tura dubban mutane gudun hijira zuwa jihar Maradi, sun kuma sa zuwa gona ko kasuwa ya zama abin fargaba, balle zuwan baƙo. Daga cikin tushen wannan fitina akwai cinye burtali da mashaya, da satar shanu, da rashin adalci wajen sasanta manomi da makiyayi, wato tambayar haƙƙin ƙasa da aka gani a Fosen da Ingal. Akwai aikin da ba sai an jira baƙo ba: dattawa su faɗi tarihin garuruwansu malaman makaranta su rubuta tun masu sanin suna raye, a hana gona da masu haƙar ƙasa cinye abin da ya rage na kufai, sarakuna da ƙananan hukumomi kuma su tsayar da iyakokin burtali kowa ya san su. Al'ummar da ta adana tarihinta da kanta ita ce za ta iya gindaya wa baƙo sharaɗi ranar da ya zo, kamar yadda Sami suka yi.

Jama'a masu sauraro, ga taƙaitawar abin da ya gabata. Abzin tsohon mazaunin Gobirawa ne kuma abokiyar cinikinsu, ziyararta tana bin kalandar makiyaya. Yawon buɗe ido yana kawo kuɗi amma ba ya zama inda babu zaman lafiya, kuma ba ya amfanar masu ƙasa sai su ne ke riƙe da kuɗin da labarin. Mutanen Sami sun kai ga wannan matsayi ne ta hanyar haɗa kai da kafa majalisa da zuwa kotu da shimfiɗa ƙa'ida. Ƙasar makiyaya tana da masu ita, a Ingal ne ko a Karasjok ko a fadamar Rima, kuma baƙon kirki shi ne mai yin sallama, mai neman izini, mai biyan haƙƙi. Allah ya kawo wa Gobir da maƙwabtanta zaman lafiya, ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu. A nan shirin na yau ya kammala, sai wani mako idan Allah ya kai rai.